Kadarko Mai Hannu Biyu

Har yau in na ga rigar nan mai walƙiya, ruwan ɗorawa, wadda ma'aikatan titi ke ɗorawa a kan kayansu, sai in kau da kai. Rigar ba ta yi mini komai ba. Ni na sa ta da hannuna, Asabar huɗu a jere, har ina gyara mata wuya in an ɗaga waya za a ɗauki hoto.

Ƙauyenmu yana gundumar Kazage, gonakin doyarmu kuma suna ƙetaren rafi, daidai inda itatuwan doka suka fara kauri. Hanya ɗaya ce ke kai mutum can, turba ta ƙafa, tafiyar rabin awa in ba ka tsaya gaishe-gaishe ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin wani ya zo daga ofis ya cire mata ko tsinke ba. Mu ke gyara abarmu da gayya duk shekara, kuma ranar Asabar, don Juma'a ta masu masallaci ce, Lahadi ta masu coci, Asabar ce kaɗai ba wanda ke da hujjar maƙalewa a ɗaki. Maza su fito da adda da fartanya da diga, a sare ciyawa, a cike inda ruwa ya zaizaye, a canza azarar kadarko in ta ruɓe. Mata su dafa abinci su kai mana inda aiki ya tsaya.

Mai ja mana gaba wani tsoho ne, ƙanen kakana, kuma yana da yadda yake aikinsa. Zai gindaya doguwar sanda a kafaɗunsa, ya rataya hannuwansa a kanta, ya shige gaba yana tafiya a hankali. Duk abin da sandar ta taɓa, dama ko hagu, reshe ne ko ƙaya, na baya su sare. Can kuma ya miƙa hannu sama, duk reshen da ya kamo shi ma a sauke shi. Yakan ce sama ta matan Hausawa ce, gefe kuwa na iyayenmu ne. Kadarkon ma hannu ɗaya yake yi masa, gora guda daidai ƙugu, ɗaya gefen a bar shi wayam.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya tashi a cikinmu. Mu Gbagyi, da Hausawa ke kira Gwari, matanmu na da ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, cikin ƙatuwar ƙwarya, ko itace ne ko doya ko tulun ruwa. Sun ce kai yana ɗauke da tunanin mutum, wannan nauyin ya ishe shi, ba a mai da shi jaki. 'Yan matan yanzu sun bar wannan, matata ma a ka take ɗaukar bahonta kuma ba wanda ya ce mata uffan. Amma mahaifiyata tana cikin waɗanda ba su bari ba. Ta haifi bakwai, ta binne miji, ta yi furfura, kanta bai taɓa sanin gammo ba. Ba ta da wani abin alfahari da ya wuce wannan, kuma ba ta yi wa kowa wa'azi a kai. Gonarta tana ƙetaren rafin nan, ba ta da hanyar zuwa sai kadarko.

Ni kuwa na daɗe ina jin kunyar kafaɗar nan. Ina sakandare a cikin Birnin Gwari ta taɓa kawo mini garin dawa da gyaɗa ranar ziyara, ta shigo ƙofar makaranta da ƙwaryarta a kafaɗa, kai a karkace. Mako guda 'yan ajinmu suna ɗora jaka a wuya suna kwaikwayon tafiyarta. Da na koma hutu na ce mata, "Mama, ki riƙa sawa a ka mana, kamar kowa." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da yarenmu, "Kan nawa ne ko naka?" Ba mu sake maganar ba. Na girma, na zama malamin firamare, kowa na ce mini Ticha, na ɗauka wannan kunyar ta yarinta ce ta wuce.

Sai shekarun nan suka zo da mutanen daji masu bindiga suka hana kowa sakat. Ba sai na ba wa ɗan ƙasarmu labari ba. Damina uku ba wanda ya ƙetare rafin, turba ta rufe, kadarko ya ruɓe ya faɗa ruwa. Da abin ya ɗan lafa, mutane suka fara maganar komawa gonakinsu, aka ce a kira gayya.

A nan Ciyaman ya shigo. Shugaban matasa ne, ko da yake ban san ranar da aka zaɓe shi ba, ya dawo daga Kaduna ne kawai da sunan a bakinsa. Ya zo da riguna masu walƙiya guda goma sha biyu a buhu, ya ce yanzu ba a cewa gayya, aikin sa-kai ake cewa, kuma duniya sai ta gani. Rigunan bai raba su ga masu ƙarfin aiki ba, ya raba su ga waɗanda za su yi kyau a hoto. Na samu ɗaya saboda ni ne Ticha. Tsohonmu mai sanda bai samu ba, wai rigar za ta yi masa yawa.

Asabar ta farko ba zan manta warinta ba. Shekara uku mutane na tsoron yin nisa, sai bakin turbar ya zama bayan gidan gari. Tun daga gidan ƙarshe har gindin ɗorawa, ba inda za ka sa ƙafa. Sabo da tsoho, na yara da na manya, ruwan sama ya jiƙa shi ya dama da laka da ledoji da tsumman jarirai, ƙudaje kore shar suna tashi su sauka a leɓen mutum. Ka kai adda ka sari gamba, abin da ke ƙarƙashinta ya fantsamo maka a ƙwauri. Wani maƙwabcina, mai wa'azi a cocinsu, ya yi amai sau biyu, ya kuskure baki ya koma ya ɗauki shebur. Limaminmu ya naɗe wandonsa har gwiwa yana kwasa yana istigfari. Su waɗannan ba su da riga. Mu masu riga muna tsaye ta inda iska ke fitowa, Ciyaman yana tsara mu. "Ticha, riƙe diga haka, ɗan sunkuya. Yauwa! Kai kuma matsa, kana tare haske." Da aka kwashe ƙazantar aka zuba sabuwar ƙasa, sai muka shiga muka tsaya a kai aka ɗauke mu. Na yi aiki daga baya, ba zan yi wa kaina ƙarya ba, hannuna ya yi kanta. Amma na tsaya a hoton nan ina murmushi, kuma na san wanda ya kwashe kashin.

Tsohon ya fito da sandarsa kamar kullum, ya gindaya ta, ya shige gaba. Idonsa ya yi rauni, tafiyarsa ta ragu, samari suka gaji da jiransa suka kewaye shi suka wuce, kowa na sara inda ya ga dama. Ya ci gaba da tafiya shi kaɗai a baya, sandar tana karo da rassan da aka bari, yana tsayawa yana sare su da 'yar addarsa.

Asabar ta uku muka kai rafi. An samo kututturen giginya biyu, aka ja su da igiya aka gindaya, aka shimfiɗa azara. Wannan aiki ne na gaske, har Ciyaman ya sa kafaɗa, in faɗi gaskiya. Da aka zo maganar hannu ne ya hau kan dutse ya yi jawabi. Ya ce kadarkon zai zama matsattse, faɗin mutum ɗaya, don kada babur ya iya hawa. Kowa ya gane baburan da yake nufi, ba wanda ya yi musu. Sannan ya ce za a yi masa hannu biyu, dama da hagu, dogaye har ƙirji, irin na gadar sama da ya gani a Kaduna. Ya ce hannu ɗaya aikin ƙauyanci ne, in aka sa a waya dariya za a yi mana.

Tsohon ya matso, yana dogara sandarsa. Hausarsa ba ta taɓa miƙewa ba, irin ta mutanenmu na da ce da ba ta raba mace da namiji.

"Kadarko hannu ɗaya ne," ya ce. "Babur kake tsoro, kafa gungume a bakin, daidai gwiwa, babur ba ta hawa. Amma mace ya zo da kaya, ina zai wuce?"

Samari suka fashe da dariya. Wani ya maimaita, "Mace ya zo!" har da karkace baki. Yawancin masu dariyar nan jikokin Gbagyi ne, kakanninsu haka suke magana a gida, amma sun sa riga mai walƙiya sun zama 'yan birni. Ciyaman ya ɗauki bahon da muke kwasar ƙasa, ya kifa a kansa, ya bi ta kan azara yana rangwaɗa kamar amarya.

"Ga mace ta zo da kaya, Baba! Ta wuce ko ba ta wuce ba?"

Aka sake kwashewa. Tsohon bai kula su ba. Ni ya juyo ya duba, ya ce da yarenmu, a hankali, "Kai da ka yi karatu, gaya musu da Hausar da za su ji. Ka san yadda uwarka ke ɗaukar kaya."

Na sani sarai. Na san faɗin ƙwaryar Mama kamar yadda na san tafin hannuna, a cikinta aka yi mini wanka ina jariri. Na san inda ƙirjin Ciyaman ya tsaya nan ne kafaɗarta take, don gajeruwa ce. Magana uku ta isa. Amma sai na ga idanun samarin nan a kaina, na ji kamar ina tsaye a ƙofar sakandare da gajeren wando. Na buɗe baki, da Hausa, da ƙarfi don kowa ya ji, na ce, "Baba, zamani ya canza. Ka bar wa yara aikinsu."

Aka tafa mini. Tir da wannan tafin. Tsohon ya sauke sandarsa ya koma gindin kaɗanya ya zauna. Ni na riƙe gora ana buga ƙusa, ni na ce a ɗan ɗaga ta nan ta fi kyau. Da yamma na wuce ta ƙofar Mama, ta tambaye ni aiki, na ce lafiya lau. Na ce a raina ai za ta iya ɗaukar ƙaramar ƙwarya, ko wani ya riƙa ƙetarar mata da kayan. Mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya rasa dabara.

Asabar ta huɗu ita ce ta ƙarshe. Ranar Juma'a an wuni ana ruwa, rafi ya cika ya yi ja, yana tafe da rassa da kumfa, ko saniya ba za ta shiga ba. Mu duka muka ƙetare da safe muka ƙarasa saran turba har bakin gonaki, muka dawo bakin ruwa ta can ƙetare muka zauna jiran abinci. Rana ta take sai ga mata sun ɓullo a jere. Ciyaman ya zabura, ya danƙa mini wayarsa.

"Ticha, kai ka iya saiti. Tsaya nan daidai bakin kadarko, ka ɗauko su suna tahowa. Wannan shi ne hoton aikin gaba ɗaya."

Na tsaya. Matar liman ce a gaba da bahon tuwo a ka, sai matata da kunu, sai sauran. Kayansu na wucewa ta saman gora salin-alin, suna guɗa, muna ihu. Mama ce ta ƙarshe, don ƙafarta ba ta sauri. Ta dafo doya, ta cika ƙwaryar nan fal, da yaji da manja a ɗan kwano a sama. Ina kallonta ta cikin waya. Ta sa ƙafa a azarar farko, ta sa ta biyu, sai na ji ƙwas. Ƙwarya ta daki gora. Ta ja baya, ta juya gefe, ta sake gwadawa. Ƙwas. Ƙwaryar ta fi tsakanin gorar faɗi, ko ta ina ta juya ba za ta shiga ba. Ta sauya kafaɗa, wai ko dama za ta yi abin da hagu ta kasa. Ta leƙa ruwa, ta ga ba hanya.

Taku goma sha biyu ne tsakanina da ita. Na auna daga baya. Da na ajiye wayar nan na taka na karɓi ƙwaryar na ɗora a nawa kan, da magana ta ƙare a nan, da ba wanda zai tuna. Amma Ciyaman yana bayana yana cewa, "Kar ka sauke, Ticha, kar ka sauke! Mama, ɗora a ka mana! A ka!" Samari suka ɗauka kamar waƙa, a ka, a ka, suna tafi. Ba mugunta suke nufi ba, yunwa suke ji kuma abin ya ba su dariya, wannan ya fi ba ni ƙyama. Ni kuma ina tsaye da riga ruwan ɗorawa, hannu biyu a waya, kamar an kafa ni.

Mama ta ɗago ta dube ni. Ba ta kira sunana ba. Ta jira, na rantse ta jira, wajen numfashi uku ko huɗu. Sannan ta durƙusa ta sauke ƙwaryar a ƙasa. Ta kwance ɗankwalinta, furfurarta ta bayyana a gaban maza, ta naɗe shi gammo, naɗin wanda bai taɓa yi ba, ya warware ta sake. Ta ɗora a ka. Ta cicciɓi ƙwaryar ita kaɗai ta aza.

Ba ta iya ba. Wuyanta yana rawa, hannu biyu ta riƙe ƙwaryar gam, don haka ba ta da hannun kama gorar da aka yi domin a kama. Azara a jiƙe, ruwa na ruri a ƙasa. Ta taho taku ɗaya-ɗaya, manja yana tsiyayowa daga kwanon yana bin goshinta, ba ta da halin sharewa. Wuri ya yi tsit sai ƙarar rafi. Da ta sauko ta wannan gefen aka ɓarke da tafi da guɗa, Ciyaman yana cewa, "Kun gani? Ba ga shi ba!" Ta wuce ni, ta sauke ƙwaryar a tsakiyar maza, ta warware ɗankwalin ta goge kanta da shi, ta goge, ta sake gogewa, ta daɗe tana yi. Sannan ta je ta zauna kusa da tsohon a gindin wata bishiya, su biyu sun ba mu baya.

Aka yi wa doya rubdugu. An miƙo mini, na karɓa, na ci. Wannan ma ba zan ɓoye ba. Ina turawa da kunu, ina jin mutane na cewa doyar Mama ba ta da na biyu.

Washegari da sassafe na ɗauki gatari na tafi rafi ni kaɗai. Na sare hannun hagu gaba ɗaya na tura shi ruwa, na sauke na dama zuwa ƙugu, na kafa gungumen ƙirya a kowane baki daidai gwiwa. Aikin bai kai awa biyu ba. Ciyaman ya zo har gida yana kumfar baki, wai na lalata aikin al'umma. Na cire rigarsa daga igiya na jefa masa, na ce ya fice mini kafin in manta ni malami ne. Na ji daɗin wannan, amma jin daɗin banza ne, jarumtar bayan an gama ce.

Don hoton ya riga ya tafi. Tun ranar Asabar ɗin ya ciro shi daga abin da na ɗauka, ya tura a guruf ɗin 'yan garinmu na waya, ya rubuta a ƙasa wai iyayenmu mata sun huta. Daga nan ya bazu. Ƙanwar Mama da ke aure a Tabanni, wadda ita ma ba ta taɓa sa kaya a ka ba, jikanta ya nuna mata, ta bugo waya tana tambaya ko yayarta lafiya take, ko wani abu ya taɓa mata hankali.

Kwana uku ina kauce wa ƙofar Mama. Rana ta huɗu da hantsi ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, har ta tambayi yara. Na fara ba ta labarin na gyara kadarko, yanzu ƙwarya za ta wuce, ta ce ta ji. Sannan ta miƙo hannu.

"An ce akwai hoto. Nuna mini."

Na ce ba shi da kyau, rana ta haske shi. Hannun bai sauka ba. Na ciro waya na nemo shi na ba ta. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta karkata shi don inuwa. Hoton ya fito tar, ai na iya saiti. Ga furfura, ga manja a goshi, ga hannu biyu a sama, ga gora sabuwa dama da hagu. Ta daɗe tana kallo.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce, Mama."

Ta girgiza kai, ta miƙo mini wayar, ta jawo farantin gyaɗarta.

"Ban san ta ba," ta ce. "Da alama dai ba ta da ɗa a wurin."